Gwiwar Liman Isiyaku

Ku da kuke shigowa ɗakin siminti yanzu da farar riga da takardar makaranta, ina ganin yadda kuke kallon aikin nan. A jiƙa bandeji, a naɗe ƙafa, a shafe, a ce wa mutum ya dawo bayan mako shida. Ɗaya daga cikinku har cewa ya yi ko birkila zai iya, kuka yi ta dariya. Birkila in ya karkatar da bango, rushewa yake yi ya sake. Mu abin da muka karkatar, mai shi ne zai yi ta yawo da shi har ranar da za a kai shi makwancinsa. Na haura shekara talatin ina naɗa wa mutane simintin asibiti a Ƙaura Namoda, kuma ayyukan da na yi daidai suna da yawa, amma ba su zan ba ku labari ba. Ba abin da za su ƙara muku sai fasa kai irin wanda na yi.

Sunana Garba, ni kuma ɗan maɗori ne. Mahaifina a Zurmi ya yi ɗori, kayan aikinsa ba su wuce karan dawa da ya fere ya saƙa da igiyar rama ba, sai tsumma mai tsabta da man shanu a ƙoƙo. Ƙafa ta farko da ya bar ni na ja ta wani Bafillatani ce da sa ya banke a mashaya, ƙwaurin ya karye gida biyu. Na durƙusa na kai hannu kan karayar, sai na ji duka a bayan hannuna. “Ba nan aka fara dubi ba,” in ji Baba. “Duba ’yar’uwatta.” Ya sa aka miƙe lafiyayyar ƙafar kusa da karyayyar, dunduniya da dunduniya, gwiwa da gwiwa. Ya ce in ja a hankali har su zama iri ɗaya, a tsawo da karkata da inda babban yatsa yake kallo. Ban da addu’ar da ake tofawa, wannan ne duk sirrin gidanmu. Na ja ƙafafu masu yawa a gabansa, kullum da lafiyayyar nake fara awo, har abin ya zauna mini a hannu ba sai na yi tunani ba.

A asibiti tura keken marasa lafiya aka ɗauke ni. Wata tsohuwar nas ce ta ga yadda na tallafi hannun wata mata da ta faɗo daga kan rumbu, ta tambaye ni ɗan gidan wane ne ni, daga nan aka tura ni kwas na ’yan watanni, na dawo aka ba ni ɗaki da bokiti biyu. A nan na koyi abubuwan da kuke rainawa. Ruwa in ya yi ɗumi da yawa, siminti zai sandare kafin ka gama gyara ƙafar. Ba a danna shi da kan yatsa, da tafin hannu ake bi, domin ramin da yatsanka ya bari a waje ƙulli ne a ciki, kuma bayan kwana goma gyambo za ka tarar. Auduga sai an ninka ta a idon sawu da dunduniya. Kafin mutum ya bar gabanka sai ka matsa farcensa ka ga jini ya dawo. Muna da zarto mai lantarki na yanke siminti, wanda ƙararsa kaɗai ke sa ƙato ya nemi gudu, amma yawancin ranaku babu wuta, sai babban almakashi, wanda ya bar mini kanta a hannu har yau.

Mutanen da nake gani kuwa, direbobi ne da ’yan kabu-kabu da manoman da amalanke ta taka, da ’yan tireda da buhu ya faɗo wa. Akwai masu zura kara cikin siminti su yi susa har su ji wa kansu rauni. Akwai wanda ya je gona da shi cikin damina ya dawo da shi kamar kunu, yana rantsuwa bai fita ko ƙofar gida ba. Akwai waɗanda suka fara zuwa wurin maɗoran da ba su iya ba, aka ɗaure ƙafa tamau har ta yi baƙi. Ganin irin waɗannan ya sa muka saba da zargin mara lafiya, in aiki ya lalace shi muke fara kallo. Ni kuma sai suna ya fita cewa hannun Garba ba ya kuskure, gadon gida ga na asibiti. Kaina ya kumbura. Hoton ƙashi ban cika tsayawa dubawa ba, nakan ce hotona yana tafin hannuna. Katin mara lafiya kuwa sama-sama nake bi, domin Turancina na tasha ne, rubutun likitoci kuma kun san shi. Amma ban taɓa yarda na ce ban gane ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, aka fara turo mana likitan ƙashi daga Gusau, Talata ɗaya cikin biyu. Mutumin Kudu ne, gajere, mai saurin fushi da saurin hucewa, Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “ciwo” da “taka” ba, sai “ƙarya”, wadda ya koya wurin direbansa. Likitan Ƙashi muke ce masa. Ni ne hannunsa a ɗakin siminti, ni ne kuma bakinsa in zai yi magana da mara lafiya. Abin da ya fi tsaya masa a rai gwiwoyin dattawanmu ne. Mutum ya shekara hamsin yana noma da ɗaukar kaya, ƙafarsa ta lanƙwasa ta zama ƙafar baka, nauyin jiki duk ya koma gefen ciki na gwiwa, guringuntsin wurin ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. Mu amosani muke cewa, a sha jiƙo a yi tsaga a haƙura. A manyan wurare, in ji shi, cire gwiwar ake yi a sa ta ƙarfe. Shi kuwa cewa yake yi ga mutumin da gefe ɗaya kaɗai ya cinye, wanda yake da sauran ƙarfi, ɓarna ce a jefar da gwiwa. Sai ya yanka ƙashin ƙwauri ƙasa kaɗan da gwiwar, ya cire ɗan siririn yanki ta gefen waje, ya rufe, ya kama da wani ƙarfe mai ƙafa biyu, a sa siminti daga cinya zuwa idon sawu. In ya warke, nauyi ya koma gefen da guringuntsi yake da rai. Ya yi wa wata mai tuwo a tasha da wani dillalin shanu, kuma duk biyun shi da kansa ya kula da simintinsu daga farko har ƙarshe, ni riƙon bokiti kawai na yi. Na gan su suna tafiya da idona.

Na uku shi ne Malam Isiyaku, limamin wani ƙauye da ke gaba da Badarawa a ƙasar Shinkafi. Babban ɗansa Bello, direban da ke jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura, shi ya kawo shi. Malam dogo ne, bai kai sittin ba, ƙafafunsa biyu duk na baka ne amma ta dama ce ta hana shi sakat. In ya yi sujada, tasowa sai da dafa ƙasa da nishi, mamu suna jiransa. A karatun da muka tashi a kai, mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa, kuma limancin nan daga kakansa ya gaje shi. Lokacin kuma ana ta shirin Shari’a, samarin da suka dawo daga karatu sun fara sa ido kan kowane liman, yadda yake ruku’u da yadda yake zama.

“Tambaye shi,” in ji Malam, “in anka sa mini ta ƙarhe, ina iya zaman tahiya?”

Na tambaya. Likita ya girgiza kai ya ce da wuya ta naɗe har ƙasa, kuma ba a nan kusa ake yi ba, kuma manomi zai cinye ta.

“To wagga da yaka hwaɗi?”

Likita ya yi dogon bayani da tayar mota da take cinyewa gefe ɗaya, ya zana layi a kan hoto, ya nuna inda layin yake bi yanzu da inda yake so ya koma. Rabin bayanin kawai na kama. Sai na juya na ce wa Malam, “Allah shi gafarta Malam, awa jaki na da mangala tak karkace gehe guda har ta yi mai miki. Ba a sai da jakin, kayan aka gyarawa.” Malam ya yi murmushi ya ce ya gane, gwiwar da Allah ya ba shi da ita zai koma ke nan. Likita ya tambaye ni ko ni ma na gane, na ce ƙwarai. Na ji daɗin misalin nan nawa har na yi kwana biyu ina maimaita wa nas-nas. Abin da ya wuce ni a bayanin shi ne, ba miƙe ƙafar kaɗai ake yi ba, da gangan ake zarce miƙewa kaɗan, ta ɗan yi gwame, domin nauyin ya bar wurin da ya cinye gaba ɗaya.

Aka yi aiki lafiya. Likita da hannunsa ya naɗa simintin a ɗakin tiyata, ya tsaya riƙe da ƙafar har ya sandare. Ya yi rubutu da jan biro a katin, ya ce mini in ranar cire zaren ɗinki ta zo, taga kawai zan buɗe a kan raunin, kada in cire simintin. Wannan na ji shi sarai, ba zan laɓe bayan Turanci ba.

Ranar cire zare ta faɗo a makon da aka yi taron ƙaddamar da Shari’a a Gusau. Garin Ƙaura ya zama kamar an share, duk mai mota ya kwashi mutane, har da Bello. Likita ya aiko cewa hanya ba ta biyuwa, sai Talata ta sama. Da hantsi aka turo mini Malam a keke, mu biyu kaɗai a ɗakin. Na buɗe taga na cire zare, rauni ya yi kyau. Amma kumburi ya saɓe, simintin ya yi ɗan sako-sako a cinya, yatsuna biyu suna shiga. Abin da ya kamata in yi shi ne in cusa auduga in ƙara naɗi a kai in jira mai aikin. Sai na ce a raina, ni Garba, a ce ƙafa ta kwana cikin siminti mai girgiza a ɗakina? Na ɗauko almakashi.

“Likita dai cewa yay yi kar a taɓa ta,” in ji Malam.

“Allah shi gafarta Malam, wanga aikina na tun kahin likita shi san hanyar Ƙaura.”

Na tsage simintin na buɗe, kuma kafin in yi wani tunani hannuna ya riga ya janyo ƙafar hagu ya jera ta kusa da ta dama, dunduniya da dunduniya. Ta hagu ta lanƙwasa waje kamar yadda Allah ya bar ta, ta dama kuwa gwiwa ta shigo ciki, sawu ya fita. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Na ce lalle ƙafar ta goce cikin simintin, in ta warke haka likita ya ji kunya. Har wani daɗi na ji, cewa ɗan maɗori zai rufa wa mai digiri asiri. Katin yana kan tebur da jan rubutunsa, hoton da aka ɗauka bayan aiki yana cikin ambulan a ƙarƙashinsa, ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce wa Malam ya yi haƙuri zai ɗan ji zafi. Na dafa gwiwar da hannun hagu, na kama idon sawu da na dama, na yi bisimilla, na karkato da ita a hankali wajen ’yar’uwarta. Ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji wani ɗan ƙas a tafin hannuna, ta biyo. Malam ya cusa bakin rawaninsa a baki ya cije, gumi ya karyo masa, bai yi ƙara ba sai salati. Na naɗa sabon siminti mai kyau, sumul, irin wanda ake nuna wa ɗalibai. Da na gama ya sa mini albarka, ya yi wa mahaifina addu’a. Ban rubuta komai a katin ba, don ina so sai ƙafa ta warke in ba likita labari muna dariya. Kwana uku bayan haka Bello ya dawo, aka sallame su da sanduna, aka ja kunnen Malam kada ya kuskura ya taka.

Bayan mako shida suka dawo. Yadda muke yi shi ne in cire siminti, a ɗauki hoto, sannan a shiga wurin likita, saboda haka bai ga simintina ba. Ya ɗaga hoto biyu a taga, na bayan aiki da na ranar. Ya ɗora rula ya ja layi a kan kowanne. A na farko layin ya bi ta gefen waje na gwiwa. A na biyu ya koma ciki, daidai inda ya cinye, ƙarfen ya zame, ƙashin kuma ya riga ya kama a haka. A tsaye nake a bayansa, kuma a wannan lokacin ne na gane bayanin da ya yi wata biyu da suka wuce.

Likita ya juyo idonsa ja, ya ce in tambayi Malam ko ya tsaya a kan ƙafar.

“Wallahi ban taka ta ba,” in ji Malam. “Zaune nika salla, da taimama.”

Ya ce in tambaye shi ko an kai shi wurin maɗori, ko wani ya taɓa ƙafar.

Malam ya ce, “Babu maɗorin da yag gane ta. Tun da kay yi aiki babu wanda yat taɓa ta, in ba wanga bawan Allah ba, da yas sake mini siminti ranar cire zare, yag gyara mata zama.”

Bello a lokacin yana can bakin ƙofar asibiti yana jayayya da mai gadi kan inda ya ajiye mota, bai ji wannan ba. Likita ya dube ni yana jira. Na buɗe baki na ce masa da Turanci, wai Malam ya ce ba wanda ya taɓa. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Likita ya buga hoton a kan tebur. Daidai shigowar Bello, ya nuna Malam da yatsa ya ce da Hausarsa, “Baba, ka taka! Ƙarya!” Ƙofa a buɗe take, layin masu jira duk sun ji. Malam bai dubi likita ba, ni ya duba, ya daɗe yana dubana, ni kuma na sunkuya ina tattara ɓaraguzan siminti da ba su kai a tattara ba. Bello ya ce, “Haba Baba! Sai da nic ce maka ka bar tsayuwag ga. Na san halinka da salla.” Malam ya ce masa ya miƙo sandunansa.

Wannan ita ce mummunar shekarata, kuma ba fari ko annoba ce ta kawo ta ba. Bello ya dawo shi kaɗai ya roƙi likita ya sake aikin, ta bakina, likita ya ce ba zai sake yanka mutumin da ba ya jin magana kuma ba ya faɗar gaskiya ba. Daga kan Malam bai sake yi wa kowa wannan aiki a wurinmu ba. Ya ce mutanenmu ba za su iya kiyaye shi ba. Mutumin da bai gudu ba lokacin da wasu ’yan uwansa suke haɗa kaya saboda tsoron Shari’a, bayan shekara guda ya nemi canji ya tafi. Dattawa masu irin wannan gwiwa suka ci gaba da zuwa, ana ba su ƙwaya suna komawa. Labarin ƙauyen kuwa direbobi ne suka kawo mini ba tare da na tambaya ba. Gwiwar Malam ta fi da ciwo, ya koma salla a zaune, aka naɗa wani matashi. Da ciwon ne kaɗai da an ce jarrabawa ce. Amma abin da ya bazu shi ne liman ya ɓata ƙafarsa da taurin kai, sannan ya rantse da Allah a kan ƙarya a gaban likita, a shekarar da kowa yake maganar gaskiya da shaida. Masu kawo masa rabon gado da sulhu suka janye. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma kunyar ba ta kai ni ko’ina ba. Shekara uku ban bi hanyar Shinkafi ba, in na hango motar Bello a tasha sai in canza layi. Abin da kawai ya canza shi ne na fara karanta kati, in ban gane ba in tambaya, ko da nas ƙarama ce.

Mahaifina ne ya tono maganar. Na je Zurmi gaishe shi, ya tsufa ya daina ɗori, sai ya ce wani amininsa gwiwa ta hana shi zuwa masallaci, ina likitan nan da aka ce yana gyara gwiwa ba tare da ya cire ta ba? Na ce ya tafi. Ya ce me ya kore shi? Ban san abin da ya kama ni ba, na zauna na faɗa masa duka. Ya saurara yana murza carbi har na gama.

“Ka ga sadda ƙahwar tak karye?” ya tambaye ni.

Na ce ba karyewa ta yi ba, likita ne ya yanka.

“To mi yak kai ka auna yankan wani da awon karaya? Ni ko akuya anka kawo min, sai na tambayi yadda anka yi.” Ya ajiye carbin. “Wanga kuskure na, kowa na yi. Amma mutum ya ba ka maganatai ka kai, kai kuma ka ɓoye ta cikin aljihu, wanga ba gidan ga kak koye shi ba. Kar ka koma cin tuwo nan sai ka je.”

Ranar Asabar na shiga motar Shinkafi, na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da Malam Isiyaku a zaurensa kafin Azahar, ya rame, ƙafar dama a miƙe a kan buzu, sanda a gefensa. Ya gane ni tun kafin in gama sallama. Ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi iyali da aiki, bai gaggauta ni ba. Na durƙusa na faɗa masa abin da na yi wa ƙafar da abin da na yi wa maganarsa.

“Na sani,” ya ce. “Ba ni jin Turanci, amma ina da kunne. Ni na yi magana mai tsawo, kai kalma ukku kah hwaɗi.”

Na ce me ya hana shi tona ni a wurin?

“Da wane baki? Bakin nawa kai na.” Ya ɗan gyara zaman ƙafar da hannu biyu. “Daga baya na gaya ma Bello, yac ce kar in ɗora ma yaron mutane laihi. Sai niy yi shiru. Wanda anka kira maƙaryaci, in ya ƙara magana ƙarya yaka ƙarawa.”

Na roƙe shi gafara, ina kuka, ni da furfura ta fara fito mini.

“Ƙahwa na yahe tun ranar, don gyara kay yi nuhi. Limanci ko na Allah na, ya ba wanda yas so, kuma yaron na da karatu. Amma sunana ba cikin zauren ga yal lalace ba, Garba, balle a gyara shi nan.” Aka kira salla. Ya ce, “Mu tahi.”

Masallacin na ƙasa ne, sahu huɗu. Malam ya zauna a ƙarshen sahun farko jikin bango, ƙafa a miƙe, inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Bello yana sahu na biyu, ranar bai fita da mota ba. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da liman ya sallame, mutane suka fara neman takalma, sai Malam ya ɗaga murya daga inda yake zaune, muryar da ta shekara ashirin tana jan su salla. “Jama’a, ku dakata. Baƙo na da magana.”

Na miƙe. Na faɗi sunana da na mahaifina da aikina. Na ce Malam Isiyaku bai taka ƙafarsa ba, ni na karkatar da ita da hannuna bayan likita ya hana. Na ce ya faɗa wa likita gaskiya, ni ne tafinta, ni na danne ta don in tsira da aikina da sunana. Wani dattijo daga baya ya ce bai ji ba, in ƙara ɗaga murya, na sake faɗa daga farko. Matashin limamin ya sunkuyar da kai yana salati. Bello ya ratso sahu ya zube a gaban mahaifinsa, ya kama ƙafarsa ta hagu. Malam ya dafa kansa sau ɗaya, sannan ya ɗago ya dube ni.

“Ka makara da shekara ukku,” ya ce, “amma ka zo. Kama ni in tashi.”

Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi. Da ya tsaya, rigarsa ta ɗan ɗage, na ga ƙafafun biyu a jere, dunduniya da dunduniya. Iri ɗaya suke sak, yadda na ɗora su.